Kwarmin Bayan Haƙori

Yana tsugune a gindin injin, ya cika tafin hannunsa da sassaƙen ƙarfe yana motsa shi da yatsa, kamar manomin da ke duba irin gero. Haka Sodangi ke buɗe shagonsa kowace safiya, shekara ashirin da bakwai ke nan, a bayan tashar babura ta Sabon Birni. Ba ya share ƙasa sai ya karanta abin da zai share. In sassaƙen gajeru ne, sun lanƙwashe kamar yankan farce, launinsu ya tashi daga ruwan ƙasa zuwa shuɗi, to aiki ya tafi lafiya. In kuwa ya tsinci dogo guda a ciki, mai kama da igiya, sai ya ɗaga shi sama ya yi ta kallonsa da fuska a murtuke.

Ɗan maƙera ne. Ubansa da kakansa sun ƙera garma da lauje a wani ƙauye gabas da Bafarawa, kuma a gidansu ba a san ƙarfe yana mutuwa ba: tsohuwar garma ta koma fartanya, fartanya ta koma wuƙa, wuƙa ta koma basilla. Yana ɗan shekara goma sha shida ya bi wani direba zuwa Kaduna, can ya ga injin da ya sauya masa rayuwa. Injin ya kama sandar ƙarfe yana juya ta, wuƙa tana tsaye tana fere ta kamar ana fere rogo. Ya yi shekara goma sha ɗaya yana koyo. Da ya komo gida, a bayan wata babbar mota ya komo, yana rungume da tsohon injin da maigidansa ya sallame shi da shi. Tun daga ranar, duk wanda sandar injin niƙansa ta karye, ko ta famfon ban ruwa, daga Isa har bakin iyaka, wurin Sodangi yake nufa.

Wuƙar injin nan ba wuƙa ba ce irin ta mahauta. Wani ɗan ƙarfe ne mai nauyi, bai fi farcen babban yatsa ba, mai kusurwa uku, ana ɗaure shi da ɗan sukuru a bakin maɗauri. Sodangi yana kiransa haƙori. In kusurwa ɗaya ta dushe sai a juya ta biyu, a juya ta uku, daga nan a cire a sa sabo. Abin da ya fi ƙauna a jikinsa kuwa ba kaifin ba ne, wani ɗan kwarmi ne siriri da ke kwance bayan kaifin, wanda sai ka karkata shi ga haske za ka gani. Ƙarfen da aka fere yana fitowa da zafi, ya faɗa kwarmin, kwarmin ya tanƙwara shi ya nannaɗe, har ya doki kansa ya karye ya faɗi ƙasa guntu-guntu. Akwai mai faɗin kwarmi don sara mai zurfi, akwai mai ƙunci don shafar ƙarshe. Sodangi yakan ce wanda ya zauna ya tsara kwarmin nan, ko a wace ƙasa yake, mutum ne da ya taɓa ganin dogon sassaƙe ya naɗe hannun wani. Shi ma ya gani a Kaduna. Ba ya son ba da labarin.

Wani ɗan kasuwa, Hafizullahi, shi ke kawo masa haƙoran daga Kano, ƙaramin kwali mai guda goma. Da mutanen daji suka mamaye hanyoyi, aka tare motar Hafizullahi sau biyu. A na biyun ya tsira da rai da ƙyar, ya rantse ya bar fatauci. Sodangi ya aika saƙo ta hannun mutum uku. Ɗaya ya kawo masa waɗanda ba su shiga maɗaurinsa, biyun ba su sake waiwayarsa ba. Ya rage masa haƙori uku masu rai, yana ajiye su a gwangwanin madara tare da matattun da jinin maƙera ya hana shi zubarwa.

A daminar bara aka ƙone ƙauyensu. Wansa Alhassan, wanda ya gaji maƙerar ubansu, ya iso Sabon Birni da iyalinsa da masaba guda, gudumar ƙira, a cikin buhu. Uwar maƙera, ƙarfen da ake dukan ƙira a kansa, da zugazugi sun zauna can cikin toka. Mutumin da ya shekara hamsin yana tashi da ƙarar guduma ya koma zaman benci a shagon ƙanensa, hannuwansa bisa gwiwa, manya, baƙaƙe, ba abin yi. In an kawo tuwo sai ya ci loma uku ya janye hannu. Sodangi yana gani.

A makon da ake magana, rasuwa ta kai Sodangi Isa, ya kwana biyu, ya bar wa wansa mabuɗin shago. Safiyar da ya komo ranar kasuwa ce. Bai gama shara ba ya ji sallamar mace a bakin ƙofa.

Tani ce, taubashiyarsa, 'yar ƙanen uwarsa da ke aure a Turba. Ta tsufa ta bushe, amma bakin yana nan. Tana ɗauke da wani dogon abu a naɗe cikin zane.

"Ɗan maƙera, har yau ƙarfe kake ci? Shi ya sa ba ka ƙiba."

"Ke mai shan hura ina taki ƙibar? Wa ya sako tsohuwa bisa hanya wagga?"

"Maza sun ce in an tare su ba su komowa. Ni wa za shi ɗauka? Sai dai in cinye musu hatsi." Ta yi dariya, dariyar ba ta daɗe ba. Ta kwance zanen.

Abu biyu ne a ciki: karyayyar sandar famfo, da sabuwar sandar farin ƙarfe marar tsatsa da ba a taɓa ba. Ta ce famfon rijiyar burtsatsen unguwarsu ya tsaya kwana goma sha tara. Mata sun koma ɗibar ruwa a fadama, bayan gonaki, inda makon jiya mutanen daji suka kwashe jakuna huɗu da jarkokinsu, matan suka sha da gudu. Mai gyaran famfo ya ce a sassaƙo masa sabuwar sanda daidai da tsohuwar. Farin ƙarfen wani ɗan unguwa ya samo shi daga Maraɗi, guda ɗaya tak.

"Motocin da sojoji ke yi wa rakiya bayan la'asar suke juyawa," in ji ta. "Da su za ni koma. Ka ji ko, ko kunnen ma injin ya cinye?"

"Tafi ki ci kasuwarki. Ki komo ki iske ta."

Ta tafi. Sodangi ya auna tsohuwar sandar, ya rubuta a bango da alli. Ya san farin ƙarfen nan. Danƙo gare shi, ba ya son karyewa, in bai sami kwarmin da ya dace ba sai ya yi ta zuba kamar zaren da ba shi da ƙarshe. Amma cikin ukun nan akwai mai ƙuncin kwarmi da sauran kusurwa biyu sababbi. Ya miƙa hannu ya ɗauko gwangwanin.

Da ya zazzage su a tafinsa sai suka yi walƙiya. Dukansu, masu rai da matattu, an goge fuskarsu ta yi sumul kamar madubi. Ya karkata ɗaya ga haske, ya karkata na biyu. Babu kwarmi ko ɗaya. Ya duba wanda ke ɗaure a bakin injin, shi ma haka.

Alhassan ya taso daga benci, yana murmushin da ba a gan shi da shi ba tun ƙonewar ƙauye.

"Ka gani? Na ce kafin ka komo in yi maka wani abu. Wanga ƙarfe taurin kai gare shi, baƙin dutsen washi bai kama shi ba, sai koren can naka na inji. Kwana biyu ina kansu, har gawayi na saida na sayi man janareta." Ya nuna yatsunsa, duk sun kwaile. "Duk sun ci rami a baya, tsufa ya lotsa su. Na daidaita maka su. Taɓa ka ji kaifi."

Sodangi ya taɓa. Akwai kaifi.

Saura kaɗan ya gaya masa ɓarnar da ya yi. Ya dubi yatsun nan, ya dubi furfurar wansa, mutumin da ya goya shi a kafaɗa zuwa kasuwar Bafarawa, wanda a duk duniya abin da ya rage masa shi ne sanin yadda ake wasa ƙarfe. A maƙerar ubansu, wanda ya ga kayan aiki sun dushe ya wuce bai wasa ba, shi ne mai laifi.

"Sannu da aiki, Yaya," in ji shi.

Ya ɗauki ɗaya ya nufi koren dutse, ko zai iya mayar da kwarmin da hannu. Dutsen ya yi kauri, idonsa kuma ba na da ba ne. Na farko ya ɓantare a baki. Na biyu ya tsage gida biyu. Ya gwada uku cikin matattun, duk kwarmin ya fito a karkace, nesa da kaifi, inda sassaƙe ba zai ko san da shi ba. Ana kiran azahar ya haƙura. Ya yi salla, ya ɗaura mafi kyau cikin waɗanda suka rage, ya ɗaure farin ƙarfen, ya yi bismilla ya tayar da injin.

Sassaƙen ya fito dogo, fari, mai kaifi kamar reza, yana murɗawa yana neman abin kamawa. Sodangi ya yi dabarar tsofaffi: ya tura wuƙa kaɗan ya tsaya, zaren ya yanke, ya sake turawa. A haka ya ci rabin aikin, gumi yana ɗiga daga gemunsa. Alhassan yana tsaye a bayansa yana jinjina kai.

"Dubi yadda yake zuba! Da can guntu-guntu yake yi, kamar akuya tana tauna."

Sodangi ya ci gaba da tura wuƙa. Ya iso wurin da yake tsoro, wajen faɗin tafin hannu, inda robar da ke tare ruwa za ta zauna. Nan ba a tsayawa. Dole wuƙa ta wuce a shafa ɗaya, don ko ɗan zane ya samu, robar za ta cinye cikin kwanaki, famfo ya koma gidan jiya. Ya ɗauki ƙugiyar waya a hannun hagu don ya riƙa janye zaren gefe, ya ce Yaya ya ja baya, ya saki wuƙa.

Ta tafi lafiya har ta wuce tsakiya. Zaren yana bin ƙugiya yana taruwa a ƙasa, tuli mai sheƙi. Sai wani lanƙwashe ya kuɓuce ya taɓa sandar da ke juyawa. Kafin ƙiftawar ido tulin duka ya tashi daga ƙasa ya naɗe ta, ya zama kamar sheƙar tsuntsu, ya fizge ƙugiyar daga hannunsa ta doki kwanon rufi. Aka ji ƙara ƙas, injin ya yi gurnani. Ya buga maɓallin kashe injin.

Da awartaki ya warware naɗin, sannu a hankali. Haƙorin ya karye, guntunsa ya nutse ya ja wani rami zagaye da sandar, daidai mazaunin roba. Ya sa ma'auni, ko da yake farcensa ya riga ya gaya masa. Ramin ya wuce awo. Injin nan ragewa ya iya, bai iya ƙari ba. In aka cike da walda, zafi zai tanƙwara siririyar sanda. In aka yanke wurin, tsawon ba zai kai ba. Ya juya ta, ya auna ɗaya ƙarshen, ya sake aunawa. Bai kai ba.

Alhassan ya matso, murmushin ya soma dushewa.

"Ƙarfen ne ba shi da kyau ko? Kayan Maraɗin nan..."

Sodangi yana goge hannunsa da tsumma, yatsa bayan yatsa.

"Ko kaifin ne bai isa ba? In ƙara wasa wani? Akwai saura."

"Kaifi ya isa, Yaya. Zauna ka huta."

Daga masallacin tasha aka ɗaga kiran la'asar. Ta ƙofa yana hango Tani a gindin dogon yaro, ta komo daga kasuwa da ƙullin gishiri a cinya, ta shimfiɗa zanen da za ta naɗe sandar, tana kakkaɓe shi. Can gaba direbobi sun fara ɗaure kaya.

Ya kwance sandar daga injin. Da sauran ɗumi a jikinta. Ya riƙe ta a hannu. Ya sa takalmansa, ya sunkuya ƙarƙashin ƙofar kwanon, ya fita ya nufi wurin Tani.