Takalmin Orest na Hagu

A unguwarsu ta yammacin birnin Saskatoon a ƙasar Kanada, Lesia Hawryluk ta yi suna da abu biyu: iya naɗin kabeji da shinkafa a kicin ɗin gidan tsofaffin da take aiki, da kuma tsoron hanya. Mace ce mai jiki da fara'a, ba ta shakkar shugaba balle likita. Amma da zarar ƙanƙara ta fara sauka a watan Nuwamba sai ta koma wata iri. Rediyon kicin ba ya barin tashar da ake faɗin yanayi. A bayan motarsu akwai barguna, ashana da kyandir cikin gwangwanin kofi, kuma duk wanda ya taɓa su ya shiga uku.

Mijinta Orest direban bas ne, irin mazan nan da ke ganin tunda sun tsufa a kan sitiyari hanya ta zama ƙanwarsu. "Uwar tsoro" yake ce mata, alhali ya san dalili. Tana ƙarama motar mahaifinta ta kafe cikin guguwar ƙanƙara, ya hango gidansa ya fita da ƙafa. Washegari aka tsinci gawarsa jikin shingen waya, bai fi jifa ɗaya da ƙofar gida ba. Tun daga nan Lesia ta riƙe abu guda: komai wuya, ba a fita daga mota.

Duk da haka kowace Janairu sai ta hau hanyar, don a gonar mahaifiyarta da ke bayan garin Canora dangi ke taruwa cin abincin jajiberin Kirsimeti na tsohuwar kalanda, wanda ke faɗowa a watan. Tsohuwar kan ce, "Bana ce ta ƙarshe, ku zo." Wa zai iya ƙi?

Shekarar da abin ya faru sun fita da safe gari tas, tukunyar dafaffiyar alkama da zuma a kan cinyar Lesia. Orest ya cire manyan takalmansa na sanyi ya jefa kujerar baya kamar kullum, wai hitar ɗumama mota na ƙona masa ƙafa, ya zura wani ɗan silifas. Bayan sun saki babban titi sun kama hanyar tsakuwa iska ta taso. Ba daga sama ƙanƙarar ke zuba ba, wadda ke kwance a gonaki ce iskar ke kwasowa. Kafin ka ce kwabo sama da ƙasa sun zama fari ɗaya. Motar ta yi sulu ta zauna cikin ramin gefen hanya. Waya kuwa ba sabis.

Orest ya taka mai, tayoyi suka yi ta juyawa a banza. Ya numfasa ya ce, "Na ga rufin gida da rumbu kafin ta rufe. Nan kusa ne. Bari in je in nemo mai tarakta."

"Ba inda za ka," in ji Lesia.

"Ke, uwar tsoro, mai bai kai rabin tanki ba. So kike mu daskare a zaune? Miƙo min takalmana."

Ta juya ta ɗauko na hagu. Ta sauke gilashi, iska ta mare ta, ta wurga shi da duk ƙarfin da take ɗaukar tukwane da shi. Farin nan ya haɗiye shi, ko ƙarar faɗuwarsa ba su ji ba.

Orest ya zuba mata ido. "Kin haukace? Kin kashe mu, Lesia. Kin kashe mu da hannunki."

Ita ma abin da zuciyarta ke faɗa mata ke nan. Tsoro ya kama ta irin wanda ba ta taɓa ji ba. In gidan na nan kusa da gaske fa? In ita ce ta hana su tsira? Ta kunna kyandir, ta rufe masa ƙafa da bargo. Suna kunna inji kaɗan su kashe. To ƙanƙara kan toshe salansa, hayaƙi ya dawo ciki ya kashe mutum yana gyangyaɗi, kuma yanzu ita kaɗai ke da takalmi. Dole mai dokar ta karya dokarta. Ta fita tana dafe da jikin motar, ba ta yarda tafinta ya rabu da ƙarfe ba, ta durƙusa ta tone bakin salansar da hannu ɗaya. Ko fitilar baya ba ta gani, sunan mahaifinta kawai take kira.

Da ta dawo Orest ya daina faɗa, yatsun ƙafarsa sun daina jin komai. Ta buɗe rigar sanyinta ta cusa ƙafafunsa a cikinta. Haka suka zauna suna kallon allurar mai tana sauka.

Wajen la'asar iskar ta faɗi kamar an ɗauke ta. Ga gidan can, ya fi nisan da Orest ya zata sau ba adadi. Tagogi ba gilashi, rabin rufin ya rufta, kufai ne da masu shi suka bari tun tuni. Orest ya daɗe yana kallonsa. Ƙanin Lesia, Myron, da ya biyo hanya nemansu da tarakta, shi ya janyo su.

A gidan tsohuwar an shirya tebur, har da farantin da ake ajiyewa babu kowa a gabansa saboda waɗanda suka rasu. Tsohuwar ta ga surukinta ya shigo yana ɗingishi, takalmi a ƙafa ɗaya, ɗayar naɗe da bargo. Ta ji labari har ƙarshe, ta dubi farantin nan na marigayi mijinta, sannan ta dubi 'yarta.

"Da ina cikin motar ubanki ran nan," ta ce, "duka biyun zan jefar."

Orest ya ja kujera ya zauna kusa da farantin, amma ya kasa cin komai.