Allon da Ɗalibin Likita Ya Gani

Shekarar da annobar amai da gudawa ta shigo birnin Bahia, wani ɗalibin likita ya ga allo a ɗakina. Har in shiga kabari ba zan manta ba.

Ni ɗan dako ne, na fanshi kaina daga bauta. Shi kuwa yana haya a saman benen da muke zaune ƙarƙashinsa, a gangaren Ladeira da Praça. Asibiti na ba shi ɗan abin hannu, daidai da na 'yan'uwansa ɗalibai da aka tura garuruwan ƙetaren ruwa. Can kuɗin kan sayi garin rogo da kifi har ya yi saura. Nan birni kuwa ko kuɗin haya ba ya kaiwa. Wuyansa duk ya zama ƙashi.

Da ciwon ya kama 'yata, na karɓo allon rubutun sha wurin wani tsohon malami. Jikinta ya yi tsanani, na ruɗe, na kira ɗalibin ban ɓoye allon ba. Tun bayan tawayen da Musulmi suka yi a birnin, wanda aka kama da rubutun Larabci sai bulala, ko a sa shi jirgi a raba shi da iyalinsa. Mai kai rahoto kuma ba ya komawa hannu wofi, kuɗi ake ba shi.

Ya duba yarinyar, ya ba ta magani. Sai idonsa ya tsaya kan allon. Ya juya ya fita.

Ita ta fara samun sauƙi, ni na daina barci. Duk ƙarar takalmi a gangaren, sai in ce 'yan sanda ne. Na ƙone allon, amma a gaban alƙali bakinsa ya fi nawa.

Matata ta ce, "Malam, ai mutumin kirki ne."

Na ce, "Na kirki ne, amma yunwa yake ji."

Wata safiya ya sauko da akwatinsa. Ya ce, "Baba, na nemi a tura ni ƙetare."

Na ce, "Likita, an ce mutuwar can ta fi ta nan."

"Na sani. Amma can zan ci in ƙoshi. Jiya na tsaya a ƙofar 'yan sanda, na daɗe. Ba na so in sake tsayawa."

Na ɗaukar masa akwatin har bakin ruwa. Ban sake jin labarinsa ba.

Daga nan na gane mutumin kirki ma ciki gare shi. Wanda ya riƙe asirinka, ka san ko ya ci abinci. Ni ko ɗan garin rogo ban taɓa miƙa masa ba.

Yanzu ina ƙauyen Itapuã, a gidan 'yar tawa. Ina yi wa masunta ɗinkin taru.