Ranar da Ɗalibaina Suka Kori Sufeto da Faransanci

Har gobe ina tuna ranar da sufeto ya zo duba mu a wata sakandare a Kalgo, inda nake koyar da Faransanci. Rufin ajinmu yana yoyo, ana kuma raɗe-raɗin soke darasin a mayar da ni ƙauyen Dangoma. Abin da sufeto ya rubuta a rahoto shi ma'aikatar ilimi ke bi.

Shugaban makarantarmu, Malam Bala Gwandu, ya kira ni ofis. Ya ce, "Malam Sani, da ya shigo yara su ɗaga murya da Faransanci. Ko mi ne ne su faɗi, wa ka jin shi?"

A makon nan muna kan kalmar aller, wato tafiya, a sigar da ake kira subjonctif. Ita ce sigar umarni da fata, kamar mu ce in tafi, ka tafi, ya tafi. Kalmar ba ta bin ƙa'ida, sai hadda: que j'aille, que tu ailles, qu'il aille, que nous allions.

Sufeto na sa ƙafa, yara suka miƙe suka rangaɗa inda muka tsaya jiya: "Il faut qu'il aille! Il faut qu'il aille!"

Malam Bala ya gyara hula ya ce, "Ranka shi daɗe, waƙar maraba ce muka shirya maka."

Sufeto ya ce, "Cewa suke dole in tafi. Mahaifiyata mutuniyar Dosso ce, tsallaken iyaka, can na yi firamare da Faransanci."

Malam Bala ya nuna ni da baki: "Ai na sha yi mishi magana!"

Sufeto ya yi dariya har da riƙe ciki, ya karɓi alli ya ƙarasa musu que nous allions, que vous alliez, qu'ils aillent. Kafin ya wuce ya karanta mana rahotonsa: a bar darasin, a gyara rufi, a kawo littattafai. Shugaba ya yi ta godiya, yana cewa dama shi ya dage a koyar da Faransanci.

Darasin dai ya tsira. Rufi kuwa har na yi ritaya yana yoyo.

Ku matasan malamai, kada ku ɗauka baƙo ba ya jin abin da kuke faɗi. Kuma in kun ga takardar ma'aikata ta ce "a gyara", ku tanadi bokiti. Sigar fata ce, ba ta cewa an yi.