Kwamfutar da Ta Maƙale a Watan Maris

Goggona, yayar babana, ba ta iya ƙarya ba. Ba yabonta nake ba fa, ƙorafi nake. In kika yi sabon ɗinki kika ce, "Goggo, ya yi min kyau?" sai ta sauke tabarau kan hanci, ta dube ki sama da ƙasa, ta ce, "Yadin dai mai kyau ne." Shi ke nan, ki je ki yi kukanki.

Shekara talatin da biyu ta yi tana buga tafireta a ofis. Da ta yi ritaya, maimakon ta miƙe ƙafa a gida kamar kowace tsohuwa, sai ta kama wani ɗan shago a ƙarƙashin matakalar bene, ta ce za ta riƙa buga wa mutane takardu. Shagon in mutum uku suka shiga, sai ɗaya ya fita kafin a iya jan durowa. Tebur ɗaya, kwamfuta ɗaya, firinta mai tari, injin fotokwafi da ba ya tashi sai an mare shi a gefe. Tsohuwar tafiretarta kuma tana saman kabad, an lulluɓe ta da tawul kamar jaririya. Ni da boko ba mu taɓa shiri ba, don haka da na watsar da makaranta Baba ya damƙa ni a hannunta. Rediyo take ce min, wai an manta ba a sa min abin kashewa ba.

Abin alfaharin Goggo ɗaya ne a duniya: tun da take, takarda ba ta taɓa fita daga hannunta da kuskuren kwanan wata ba. Akwai kalanda a bango. Kullum da safe, kafin ta ajiye jaka, sai ta soke ranar jiya da jan biro. Tana cewa takardar da kwanan watanta ba daidai ba tsumma ce, ko an buga mata hatimi goma.

To ga inda gizon yake. Lokacin da aka sayo kwamfutar, wani mai gyara a ƙarshen layi, wanda ya raɗa wa kansa Injiniya, shi ya sa mana manhajar rubutu, wato abin da ake buga takardu da shi a ciki. Goggo ta ɗauka haka kwamfuta ke zuwa da kayanta, kamar yadda tafireta ke zuwa da baƙaƙenta. Ba ta san sayarwa ake yi ba. Injiniya ya ja ni gefe ya ce, "Ke ce yarinya, saurara. Wannan ta kuɗi ce, na ɗan yi mata dabara. Kada ki sa mata intanet. Kuma duk ɗaya ga wata ki mayar da agogon kwamfutar baya, zuwa ɗaya ga Maris ɗin nan da muke ciki. In ta gane wata ya wuce, za ta kulle."

Na ce ba matsala. Duk ɗaya ga wata in riga Goggo zuwa, in murɗe agogo. Sama da shekara biyu duniya na tafiya, kwamfutarmu tana nan a Maris ɗaya tak, tana ta maimaita shi kamar ɗalibar da ta kasa cin jarabawa. Goggo ba ta taɓa lura ba. Rubutun da ke lungun allon ƙanana ne, ita kuma kwanan wata da yatsunta take bugawa, idonta a kan kalanda.

Sai wata Litinin ta zauna a kan tabaraunta. Ƙaras! Kafin a haɗa mata sabo sai washegari. Ranar kuma Baba Direba ya zo, wani dattijo da ya yi shekaru yana jan motar haya, bayansa ya gaji, yana neman aikin tuƙa motar ma'aikata a wani kamfani. Ranar Juma'a za a rufe karɓar takardu. Shi ba ya karatu sosai, duk wata wasiƙarsa Goggo ce ke tsara masa.

Goggo ba ta buƙatar ido don bugu. Ta kafa yatsu, kat-kat-kat, ta gama wasiƙa ba ta kalli allo ba. Da ta zo kwanan wata ta ɗaga kai tana ƙifce-ƙifce wajen kalanda, ni kuma uwar iyayi na ce, "Bari, Goggo, akwai inda ake dannawa ya fito da kansa." Na danna. Wallahi ko kallo ban yi ba, hankalina na kan waya. Na karanta mata wasiƙar, na tsallake saman. Baba Direba ya sa hannu ya tafi yana sa albarka.

Talata sai ga shi, takarda a hannu, fuska ba annuri.

"Hajiya, sun dawo min da ita. Yarinyar ofishin har dariya ta yi. Wai shekara biyu ina yawo da wasiƙa a aljihu, kafin ma a buɗe kamfanin na nemi aikin."

Goggo ta sa sabon tabarau ta karɓa. Ta daɗe tana kallon saman takardar nan. Ni da na san hali, na fara lissafin taku nawa ne zuwa ƙofa.

"Rediyo."

"Na'am, Goggo."

"Yau sai ki kunnu. Ina ji."

Na zayyana mata komai, har da ɗaya ga wata. Na zaci za ta yi faɗa. Ai da faɗan ta yi da ya fi min sauƙi. Sai kawai ta ce, "Wato duk takardar da na buga a shagon nan, da kayan mutane na buga ta, ba da saninsu ba. Kuma don kada a gane, kin sa baiwar Allah nan tana ƙarya kullum." Kwamfutar take nufi da baiwar Allah.

"Goggo, na'ura ce fa! Kuma kowa a layin nan haka yake yi. Ki gyara kwanan watan da hannu, minti ɗaya, Baba Direba ya tafi."

"Gyara mata agogo."

"Za ta kulle!"

"Ta kulle."

Na gyara. Ko numfashi ba ta ja ba ta kulle, ta fito da wani akwatin rubutu a allo tana neman a biya. Muka duba farashin a wayata. Goggo ta cire tabarau, ta goge da gefen mayafi, ta mayar, ta sake dubawa. "Kuma wai duk shekara?" Na ce eh. Ta ce to, ba da ita ba.

Ta juya wajen Baba Direba ta ba shi haƙuri, ta ce ya je wani shagon a buga masa. Shi ma wani taurin kan ne. Ya ce shi wasiƙarsa a hannunta take fita, zai dawo Juma'a da safe. Da ya fita Goggo ta ce min, in har zuwa Juma'a ba a sami hanyar da za ta yi aiki ba sata ba ƙarya, za ta mayar wa mai bene makullinsa. Na san ta. Ba barazana ba ce.

Na ruga na ɗauko Injiniya. Ya shigo yana kaɗa filashi, ɗan abin da yake zuba manhajojinsa a ciki, a yatsa kamar makullin mota.

"Hajiya, kwantar da hankalinki. Akwai sabuwa, an fasa ta fes. Wannan ba ruwanta da agogo."

"Masu ita sun sani?"

"Wa? Ai Hajiya su waɗannan ba su ma san da mu a duniya ba."

"Ba abin da na tambaye ka ke nan ba. Sun ce a ɗauka?"

"To, ba su dai ce ba..."

"Ɗana, ka gaida gida."

Ya fita yana ce min a hankali, "Tsohuwar nan taku sai addu'a." Na ce ai mun daɗe muna yi.

Laraba muka zauna kamar masu zaman makoki, fotokwafi kawai muke yi. Goggo ta sauko da tafireta, amma ribin ɗinta mai tawada ya bushe ƙamas, kuma an daina sayar da irinsa. Na gan ta tana shafa baƙaƙen da yatsa. Ban taɓa ganin hannun Goggo ba aiki ba sai ranar.

Wajen azahar Malamar lissafi ta shigo, wadda ke kawo mana takardun jarabawar makarantarsu. Ni da bakina ba ya riƙe ruwa, kafin ta zauna na ba ta labari kaf. Ta yi dariya har da riƙe ciki, sannan ta ce, "Goggo, ai akwai ta kyauta. Ni da ita nake aiki."

Goggo ta harare ta. "Kyautar Injiniya?"

"A'a, kyauta ta gaskiya. Masu yin ta da bakinsu suka rubuta: kowa ya ɗauka, ya yi aiki, ya ba wani."

"Me suke so a wajena?"

"Ba komai."

"Malama, na girme ki. Ba wanda ba ya son komai."

"To, suna so in kin ga inda ta lalace ki faɗa musu. Mutane ne da yawa, ko'ina suke, kowa na sa hannu. Kuma a buɗe suka bar cikinta. Duk wanda ya iya, ya leƙa ya ga yadda aka haɗa, ya gyara."

Nan fuskar Goggo ta canza. Ta kalli tafiretarta. Ta ce, "Kamar wannan ke nan. Ni nake kwance ta, in sa mata mai, in mayar. Ba ta taɓa ɓoye min komai ba." Ta sa Malama ta karanto mata takardar izinin, ta fassara mata layi-layi. Wallahi rabin awa. Sai da aka kai ƙarshe ta ce, "Sa mata."

Kada in yi muku ƙarya, tunda a gidan marasa ƙarya nake: Alhamis mun sha wuya. Komai ya canza wuri. Abin da ke dama ya koma hagu. Tsofaffin takardunmu sun buɗe, amma wani jadawali ya karkace kamar an taka shi. Firinta ta yi fushi, ta fito da shafi ɗaya a kan takarda uku. Goggo ta yanka ƙananan takardu tana rubuta inda komai yake, tana mannawa a gefen allo, har kwamfutar ta koma kamar mai ciwo an rufe ta da filasta.

Da la'asar na ƙule. Na ce, "Goggo, don girman Allah mu kira Injiniya, yau ɗaya tak! In Baba Direba ya rasa aikin nan fa? Gaskiyar taki zai ci?"

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Ranar da aka kawo tafireta mai lantarki ofishinmu, sai da na shiga banɗaki na yi kuka. Ranar da aka kawo kwamfuta, na sake shiga. Duk biyun na fito na koya. Wannan ko kukan ba ta isa ta sa ni ba. Miƙo min takardun can, ki kashe rediyon nan naki minti goma."

Na yi shiru. Minti huɗu na iya.

Ni ce ma na gano matsalar firintar, in faɗa muku, kada a ce ba ni da amfani. Girman takarda ne ba a saita ba. Goggo ta ce, "Ashe akwai wani abu a kan naki ban da baki." A wajenta wannan lambar yabo ce.

Juma'a tun kafin mu ɗaga ƙofa Baba Direba na tsaye da hularsa a hannu. Goggo ta soke ranar jiya, ta zauna, ta buga wasiƙar daga farko. Da ta zo saman, sai ta tsaya.

"Rediyo, ina wurin dannawar nan naki?"

"Goggo, ki rufa min asiri, ki buga da hannu."

"Nuna min."

Na nuna mata, ta danna da kanta. Ta kalli allo, ta kalli kalanda, ta sake kallon allo. Ta sa Baba Direba ma ya duba lambobin. Firinta ta yi tarinta ta miƙo takarda ɗaya, tsaf.

Kafin azahar ya dawo yana ɗaga mana wata 'yar takarda mai hatimi: sun karɓa. Goggo ta ce madalla, ta buɗe jaka ta ciro makullin shago da ta riga ta sa a ambulan da sunan mai bene, ta yaga ambulan ɗin. Sai a lokacin na san har ta shirya tafiya. Na zauna daɓas a kan kwalin takardu.

Ba komai ne ya dawo daidai ba. Wani mai kawo mana katunan gayyata ya gudu, wai adon da yake so babu a tamu. Goggo ta ce Allah ya raka taki gona... a'a, ƙarya nake, ni na faɗi abin da ya fi haka muni, ita cewa ta yi Allah ya ba shi inda ya fi. Kuma sai da ta buga wa masu manhajar kyautar wasiƙar godiya, irin ta ofis, da lissafin kurakurai uku da ta gano. Na ce ba su da adireshi. Ta ce duk mai aiki yana da inda ake samunsa. Malama ta tura musu ta intanet, wata mata a cikinsu ta amso da godiya, ta ce biyu kurakurai ne, ɗayan kuma Goggo ce ba ta iya ba. Goggo ta ce matar nan 'yar gidansu ce, ita ma ba ta iya ƙarya ba.

Baba Direba yanzu shi ke jan motar ma'aikatan. In ya biyo ta layinmu sai ya danna mana oda sau biyu.

Ranar ɗaya ga watan da ya biyo baya, ƙafata ta kawo ni shago da wuri, don sabo. Na tarar Goggo ta riga ni. Ta juya shafin kalanda, ta kunna kwamfuta, ta sa fuska dab da lungun allo. Sabon wata ya fito, daidai da na bango. Ta ɗan bubbuga saman kwamfutar da tafin hannu, kamar yadda take min in na yi abin kirki sau ɗaya a shekara.

"Sannu, baiwar Allah," ta ce. "Kin sha Maris."