Ƙwaya Uku a Hanyar Batagarawa

Ko tsufa zai share mini komai daga ƙwaƙwalwa, ba na jin zai iya share ranar da mahaifina ya yi barci a kan sitiyari, ni da mahaifiyata muna cikin motar. Shekaru sun shuɗe, 'yan'uwana sun mayar da abin labarin dariya, amma ni har yau in na tuna ba ya ba ni dariya. Ba tsoro ba ne kuwa, takaici ne zalla.

Mahaifina mutumin kirki ne, duk unguwarmu ta Ƙofar Sauri za a shaide shi. Sai dai Allah ya hore masa taurin kai, in ya ce eh, ko gari zai taru a kansa ba zai ce a'a ba. Tun da ya yi ritaya daga aikin gwamnati ya koma noma a wata gona da ke gaba da Batagarawa, sannan ya naɗa kansa likitan gida. Ba ya zubar da magani. Duk abin da aka taɓa rubuta wa wani a gidanmu, in ya yi saura, to yana cikin wani tsohon gwangwanin madara a kan tagar ɗakinsa, inda rana ke dukansa tun hantsi. Akwai maganin tari da ya daskare, akwai ɗigon ido na kakarmu da ta daɗe da rasuwa, ga ƙwayoyi launi-launi da babu wanda ya tuna na mene ne. In ka yi magana ya ce maka almubazzaranci haramun ne.

Farkon damina ne, na zo gida hutun ƙarshen mako daga makarantar da nake koyarwa. An yi ruwa, garin ya yi luf. Bayan an karya kumallo Baba ya sunkuya zai ɗaga buhun taki ya sa a but ɗin mota, alhali Inna ta ce ya jira a kira maƙwabci su kama tare. Sai muka ji ya ce, "Wash!" Muka fito muka tarar da shi a duƙe kamar mai ruku'u, ya kasa miƙewa. Da ƙyar muka zaunar da shi a kujera.

Na ce, "Baba, mu tafi asibiti."

Ya ce, "Asibitin mi? Jijiya ce ta riƙe. Ɗauko mani gwangwanina."

Ya zazzage shi a cinya, ya yi ta tono har ya zaro wani kati da ya yamutse. Magani ne mai sassauta naman jiki, likita ya rubuta masa tun can baya lokacin da ya faɗi a babur. Na karɓa na juya. Rubutun ya koɗe, amma kwanan watan yana karantuwa, kuma ya wuce da shekaru.

"Baba, wa'adin maganin nan ya ƙare tun tuni."

"Wa'adi na 'yan kamfani ne, so suke ki zubar ki sayi sabo. Gero ma yana shekara a rumbu a ci shi."

"Ai gero ba magani ba ne."

"To bari ki ji. In ma ya daɗe, ƙarfinshi ne ya ragu, ko ba haka ba? Da ɗaya nike sha. Yanzu sai in sha uku su haɗu su yi aikin ɗaya."

Wallahi na rasa ta inda zan kama wannan lissafi. Mutum ne da ya yi boko, ya riƙe ofis shekara da shekaru, amma ga shi yana auna magani kamar mai ƙara gishiri a miya. Inna ta ce, "Alhaji, ka dai saurari yarinyar nan." Ya harare ta ya ce, "Ke ma kin zama likita?" Kafin in sake buɗe baki ya fizge katin, ya ɓallo uku ya watsa su a baki, ya kora da sauran kunun da ke kofinsa. Ni dai na cusa katin a jakata don kada ya ƙara.

Ba a jima ba ya miƙe, yana murza ƙugu yana murmushin nasara. "Kun gani? Ya saki." Daga nan ya ce gona za shi, masu aiki suna can suna jiran taki, ba zai bari danshin ƙasa ya wuce shi ba. Na yi magiya, na yi rantsuwa, na ce ya bari ko zuwa la'asar. Ya ce shi ya fara tuƙi tun ba a haife ni ba. A lokacin ban iya mota ba, ƙanena da ya iya kuma ba ya gari. Inna ta ja ni gefe ta ce, "In ba mu bi shi ba, shi kaɗai zai tahi. Ɗauko gyalenki." Maƙwabci ya sa mana takin a but, na zauna gaba, Inna ta zauna baya.

A cikin gari lafiya lau yake. Har wa'azi ya riƙa yi mini, wai 'yan zamani ba mu da tawakkali, ciwon kai ma sai mun yanki kati. Ni dai ina kallon titi, raina yana tafasa. Muna fita daga gari sai na ji maganarsa ta fara nauyi, kalmomin suna manne da juna kamar wanda ya cika baki da tuwo. Na dube shi, idanunsa sun yi ƙasa-ƙasa.

"Baba, ka tsaya a gefe."

"Lahiyata lau."

"Don girman Allah ka tsaya!"

"Sauran kaɗan mu..."

Bai ƙarasa ba. Mun wuce Batagarawa da ɗan tazara sai kansa ya langaɓe a kafaɗa, motar ta fara sulalewa zuwa hannun masu tahowa. Ga wata tifa ta yashi ta doso mu tana danna oda ba ƙaƙƙautawa. Ban san lokacin da na cafki sitiyarin na murɗo shi wajena ba. Inna tana ta salati da ƙarfi tana dukan kafaɗarsa. Tifar ta wuce, iskarta ta girgiza mu. Allah ya taimake mu ƙafarsa ta zame daga totur, gudun ya ragu. Motar ta sauka daga kwalta, ta yi tsalle a kan kunyoyin wata gona da aka yi wa huɗa, na finciko birkin hannu da duk ƙarfina. Jiƙaƙƙiyar ƙasa ta riƙe tayoyin, muka tsaya cak, a gaban wani garken shanu da ke kiwo a bakin gonar.

Wani farin sa ya ɗago kai ya dube mu, ya ci gaba da cin ciyawarsa. Baba kuwa minshari yake yi.

Mai shanun, wani dattijo, ya taho da gudu da sanda a kafaɗa. Ya leƙo yana cewa, "Sannunku, sannunku! Farfaɗiya gare shi?" Na ce a'a, magani ya sha. Ya girgiza kai. Shi ya kama mana muka fito da Baba muka kwantar a gindin wata bishiyar gawo. Jikinsa ya saki tamkar tsumma, hannunsa sanyi ƙalau, gumi yana keto masa. Inna ta jiƙa gefen gyalenta da ruwan goran dattijon tana shafa masa a fuska. A nan ne tsoro ya kama ni sosai, don na girgiza shi na girgiza, bai motsa ba. Can ya buɗe ido ɗaya ya dube ni ya ce, "Mun iso?" Ya koma barci.

Dattijon ya tsaya a tsakiyar titi yana ɗaga sanda har wata a-kori-kura ta tsaya. A bayanta muka kwantar da Baba, a kan buhunan barkono, muka yi ta atishawa har cikin gari.

A asibiti aka auna hawan jininsa, aka ga ya yi ƙasa ƙwarai. Aka sa masa ruwa. Likitar, wata mace mai sanyin magana, ta tambayi abin da ya sha, na miƙa mata katin. Ta tambaya ko yana shan wani magani, Inna ta ce yana shan na hawan jini, da safen nan ma ya sha. Likitar ta ce mu gode wa Allah.

Sai bayan la'asar ya farfaɗo sosai. Muka ba shi labari tun daga tifa har zuwa shanu. Na zaci zai yi nadama, ko ya ce mu yi haƙuri. Sai ya juyo ya dube ni.

"To ashe maganin bai lalace ba ke nan. Ai na faɗa maki."

Na miƙe na fita baranda, don in na tsaya zan faɗi abin da bai kamata 'ya ta faɗa wa uba ba. Ta taga na ji likitar tana amsa masa, ba faɗa, ba wasa. Ta ce, "Alhaji, in wa'adin magani ya wuce, babu wanda zai iya faɗa maka sauran ƙarfinsa, ko ni, balle wanda ya sha zafin rana. Wani ya ragu, wani yana nan daram, kai kuma ka ninka shi uku a kan zato. Irin wannan ko sabo ne ba a shan sa a yi tuƙi, kuma yana haɗuwa da na hawan jini ya kayar da mutum. Lokacin da aka rubuta maka shi ba ka da hawan jini, shekarunka ma ba su kai haka ba. Da yau ka zo mini da ciwon baya, ba shi zan ba ka ba."

Bai ce uffan ba. A wajen mahaifina wannan shirun shi ne iyakar amsa laifi. Har yau in baƙi suka zo aka tayar da zancen, cewa yake yi ramin titi ne ya ƙwace masa mota, Inna ta dube ni, ni kuma in dubi silin.

Abin da ranar ta koya mini shi ne, maganin da ya wuce wa'adi ba abin gwaji ba ne, kuma ragowar maganin bara ba ta san halin da jikinka yake ciki bana ba. A mayar da shi asibiti ko kantin magani su san yadda za su yi da shi, in ciwo ya dawo a koma wajen likita. Na kuma koyi cewa ladabi ga iyaye bai ce ka zuba ido su cutar da kansu ba. Yanzu in na ga Baba zai yi irin wannan, ba na tsayawa muhawara, hanawa nake yi, ya yi ta faɗansa. Gara ya yi mako guda ba ya amsa gaisuwata, da in zauna a tabarma ana yi mini ta'aziyyarsa ana yaba biyayyata.