Kai Kudu, Fuska Gabas

Ƙanena matuƙin jirgin soja ne, mai saukar ungulu. A yaƙin Saliyo aka harbo jirginsa, ba da daɗewa ba bayan an ba mu jihar Zamfara. Garin da ya faɗi ma, har yau bakina bai iya faɗin sunansa ba.

Ranar da wani soja ya zo daga Gusau ya ce gawa tana hanya, har ta wuce Tsafe, Baba bai yi kuka ba. Shi ke yi wa mamatan Nahuce wanka tun ban san kaina ba. Ya sa aka ɗora ruwa, ya yanka likkafani da hannunsa. Ni da maƙwabta muka tafi maƙabarta muka haƙa kabari irin namu: babban rami, sannan ƙarami a ciki, siriri, daidai kwanciyar mutum a kan damansa, kai kudu, fuska gabas.

Sai ga mota da akwati. Na ƙarfe, a liƙe ruf, an lulluɓe shi da tuta. Hafsan da ya rako shi, sa'an marigayin ne, ya ce umarni ne daga sama, ba a buɗewa.

"Ɗana, wanka kawai zan yi mashi," in ji Baba.

"Ka yi haƙuri, Baba. Wuta ce."

To, mun ji, wuta ce. Aka zubar da ruwan. Aka yi wa ƙarfe salla. A maƙabarta akwati ya ƙi shiga, muka koma da diga muna rusa abin da muka gyara da hannunmu, sojojin rakiya kuwa suna tsaye ƙiƙam da bindigogi, jira suke mu gama su harba sama. Wallahi ko yanzu na tuna sai zuciyata ta tafasa.

Da za a saka shi, Baba ya dafa akwatin.

"Ina kansa yake?"

Hafsan ya dubi wannan gefe, ya dubi wancan. Ya tambayi direba. Direba ya ce shi dai haka aka loda masa.

Nan na fashe. "Haba yallaɓai! Kun san inda za ku tura shi ya mutu, kun iya shimfiɗa tuta ba ko lanƙwasa, amma a rasa wanda zai ɗauki alli ya ja layi a wajen kai? Alli fa! Mutum ya ba ku ransa, ku kasa ba shi layi ɗaya?"

"Ya isa," in ji Baba. Muka zura shi yadda ya zo.

Muka tarar da Inna a tsakar gida, likkafanin nan a ninke a cinyarta. Ba ta tambayi yaƙi ba, ba ta tambayi wuta ba.

"Malam, ka juya min shi gabas?"

Baba ya wuce ta ya shige ɗaki. Bai ƙara yi wa kowa wanka ba har ya koma ga Allah.

Masu ziyarar kabari wajen kai suke tsayawa su yi addu'a. Ni a tsakiya nake tsayawa.