Abin da Ake Sawa a Ƙarƙashin Rigar Ƙanƙara

Lokacin da nake tuƙa wani dattijo a Madinat Khalifa abin ya faru. Shi ne kafil ɗina, wato ubangidan da ya ɗauki nauyin zamana a ƙasar, Baba nake ce masa kamar yadda kowa a gidan yake ce masa. Tsohon ma'aikaci ne da ya ajiye aiki, kuma in ka cire jikokinsa, ba abin da yake so kamar kamun kifi. Duk ranar da iska ta kwanta sai mu nufi bakin teku, ya zauna a kujerarsa, ni kuma ina gefe ina maƙala masa jatan lande a ƙugiya.

Wata rana da hantsi ina wanke mota ya aiko a kira ni majalisi, ɗakin da yake karɓar baƙi. Na tarar da shi gaban wani ƙaton kwali da ɗansa ya aiko daga ƙasar da yake karatu, can arewacin duniya. Ya ciro wasu kaya masu kauri kamar katifa, riga mai haɗe da hula, da wando mai igiyoyi da ake ratayawa a kafaɗa. Saiti biyu ne.

Ya ce, “Ɗaya nawa, ɗaya naka. Za mu je mu kama kifi a kan ƙanƙara.”

Larabcina na direba ne, don haka na ɗauka ban ji daidai ba. Kifi a kan ƙanƙara dai na san shi, shi ne wanda ake jerawa a kasuwa. Na ce, “Baba, kasuwa za mu?”

Ya yi dariya har da tari, sannan ya miƙo mini waya. Na ga mutane suna tafiya a kan wani farin fili, suka huda ƙasa da wani ƙarfe, suka zura fatsa a ramin. Ya ce filin nan tafki ne, ruwa ne ya daskare. Na kalli hoton na sake kallo. Har da mota a kai.

Sai ya kunna mini saƙon murya na ɗan nasa. Abin da na fahimta shi ne, kayan nan masu kauri na waje ne kawai, abin da za a sa a ƙarƙashinsu shi ne magana. A fara da wani siririn abu mai manne wa fata, a ɗora mai ɗumi a kai, sannan a sa na wajen. Ya nanata cewa kada a jibga kaya da yawa, kuma kada a kuskura a sa auduga, wai auduga ce ke kashe mutane a sanyi.

Baba ya ce, “Ka dai ji. Yalla, je ka samo mana.”

Na fito riƙe da makullin mota ban san inda zan nufa ba. Ni dai tun da aka haife ni auduga nake sawa. Sanyi mafi tsanani da na taɓa sha shi ne na wata shekara da na yi ɗan zama a Jos, kuma maganinsa a lokacin bai wuce singileti da riga da suwaita da bargo ba. In sanyi ya ƙaru ka ƙara kaya. Yanzu ga wanda ke zaune cikin sanyin da kansa yana cewa in rage.

Ranar Juma'a bayan masallaci na tafi Asian Town, unguwar baƙin ma'aikata, na nemo wani abokina, mutumin Zangon Kumasi, wanda ya girme ni nesa ba kusa ba. A ɗakin sanyi na wani kamfanin nama yake aiki, wuni yake cikin firiza yana jera kwalaye. Da na gama ba shi labari sai ya ajiye kofin shayinsa ya ce, “Ƙanena, duk kifin da ke tekun nan bai ishe ku ba?”

Na ce, “Yaya, ni ma aiko ni aka yi.”

Muka shiga wani shagon tufafi. Mai shagon mutumin Nepal ne, da ya ji batun ƙanƙara sai fuskarsa ta washe, ya ce a garinsu dutse ma daskarewa yake. Ya dinga sauko da suwaita yana tula mini a hannu, har da hular saƙa da majanyin wuya. Na ce an ce kada in sa da yawa. Ya ce wanda ya faɗi haka bai san sanyi ba. Abokina kuma ya ce shi a firiza rigar ƙwallo kawai yake sawa a ƙarƙashin kayan aiki, kuma ga shi nan da ransa. Suka hau gardama da Turancin da ba na kowa ba a cikinsu, ni ina tsaye a tsakiya, gumi yana bin bayana, rungume da ulu. Na sayi suwaita biyu don kada in fita hannu rabbana.

Washegari na je wani babban shagon kayan wasanni na kunna wa mai sayarwar saƙon ɗan Baba, wanda Baba ya turo mini a waya. Nan take ta gane. Ta kawo mini wata riga baƙa da wandonta, sirara har ina hango yatsuna ta ciki, masu talewa kamar roba. Wandon kuwa sak irin wanda mata ke sawa a ƙarƙashin doguwar riga. Na ce mata na maza nake nema. Ta ce na maza ne. Na ce na sanyi nake nema. Ta ce na sanyi ne, aikinsa ya janye gumi daga jiki. Na tambaye ta wane gumi kuma a kan ƙanƙara, ta ce da yawa ma kuwa. Na karɓa, da wata riga mai laushi kamar gashin ɗan rago da ta ce ita ce ta tsakiya, na fito kaina ya fi ɗaurewa fiye da lokacin da na shiga.

Abokina ne ya kawo shawarar a gwada kayan a firizarsu. Ya roƙi shugabansu, aka ce in zo da rana lokacin da babu lodi. A wajen ajiye motoci na shirya. Gaskiya siririn abin nan ban yarda da shi ba, sai na bar singiletina a ciki na ɗora shi a kai, na sa mai laushin, na ƙara suwaita duka biyun, sannan na shiga cikin kayan wajen na ja zif. Safa biyu na sa. Kafin in taka daga mota zuwa ƙofar kamfanin na jiƙe sharkaf. Hannuwana sun ƙi sauka, suna tsaye a gefe kamar na ɗan tsana. Masu gadi suka bi ni da kallo, ɗaya daga cikinsu Bakano ne, ya ce, “Malam, lafiya kuwa?” Na ce lafiya lau.

Da aka rufe mana ƙofar firiza, da farko daɗi na ji. Na zauna a kan wani kwali, tun da an ce kamun kifin zama ne, abokina yana ta kai da komo da aikinsa. Can sai na ji kamar an manna mini jiƙaƙƙen tsumma a gadon baya. Singiletin ne. Sanyin ba daga waje yake shigowa ba, a cikin kayan yake, tare da ni. Haƙorana suka fara haɗuwa. Abokina, mai rigar ƙwallo, ya zo ya tsaya a kaina yana share goshi.

Ya ce, “Ka tashi ka yi motsi mana.”

Na ce, “In na yi motsi gumi zan yi.”

“To zauna.”

“In na zauna daskarewa zan yi.”

Ya ce, “Wallahi wannan kamun kifin naku ban gane masa ba.”

Na fita na tuɓe, na goge jiki, na bar singiletin da suwaitocin a waje, na koma da abin da ɗan Baba ya ce kawai. Jikina ya yi ɗumi, abin da har yau in na tuna yake ba ni mamaki. Amma sai yatsun ƙafata suka mutu. Abokina ya ce in cire safa ɗaya, takalmin ya matse ne, jini ba ya gudu. Na cire, suka dawo. Na zauna a kan kwalin naman nan ina tunanin wace irin ƙasa ce wannan da sai ka tuɓe kake jin ɗumi. Sai kuma wata damuwar ta faɗo mini. Na ce, “Yaya, alwala fa? Duk wannan zan cire a kan tafki?” Ya ce ƙafa dai ana shafa a kan safa, sauran kuma in tambayi malam, shi nama yake jerawa.

Da na kai wa Baba nasa kayan, sai ya ɗaga siririn wandon da yatsu biyu kamar ya tsinci wani abu a shara. Ya ce shi ba zai cire jallabiyarsa ba, a kanta zai sa komai. Muka yi ta fama da cusa jallabiya cikin wando mai igiyoyi, ta dunƙule masa a ƙugu, ya kasa sunkuyawa balle ruku'u. Uwargidansa tana bayan ƙofa, muna jin dariyarta. Aka kira ɗan ta bidiyo, ya ga ubansa a haka, ya dafe kai. Suka yi ta musu da Larabci mai sauri wanda ban tsinci komai a ciki ba sai khalas, khalas, wato shi ke nan. Daga ƙarshe Baba ya shige ciki. Ya daɗe, sannan ya fito a shirye tsaf, ya yi ruku'u a tsakar majalisi ya miƙe ba wahala. Ya nuna ni da yatsa ya ce, “Abin da ke ciki, kada ka gaya wa kowa.”

Bizata ba ta fito ba. Aka jira, aka sake tambaya, har ranar tafiya ta zo. Ni na kai Baba filin jirgi, ni na tura masa akwati har inda aka hana ni wucewa. A hanyar dawowa na rasa ko murna nake ko baƙin ciki. Tsoron tafkin nan nake ji tun ranar da na gan shi a waya, amma sai na kama kaina ina jin haushin mutanen ofishin bizar.

Da ya dawo na je ɗauko shi. Ya shiga mota ya zauna a gaba, abin da bai saba ba, yana ta kallon waje har muka hau babban titi. Na kasa haƙuri na ce, “Baba, yaya kifi?”

Ya ce shi da ɗan nasa sun yi tafiya mai nisa a kan tafkin, suka shiga wata ƴar bukka ta tamfol, suka zauna suna kallon rami tun safe har rana ta karkata. Can sai ya ji an ja, ya ɗago, ga kifi. Ya buɗe tafin hannunsa ya nuna mini tsawonsa, bai kai ƙarshen yatsu ba.

Na ce, “Kuka soya?”

Ya ce, “Yaron nan karɓa ya yi, ya ɗauke ni hoto da shi, ya mayar da shi cikin ramin.”

“Ya mayar? Don me?”

“Ban sani ba. Wai haka ake yi.”

Muka ci gaba da tafiya. Ina ta juya maganar a raina, ban sami inda zan kama ta ba. Da muka kusa unguwa sai ya ce in tsaya wajen masu shayi in yi hon, a kawo mana shayin karak kofi biyu. Muna sha ya ce yaron ya ce baɗi ma za a koma, kuma wannan karon da wuri za a nema mini biza. Ya juyo yana jiran in ce wani abu. Na ce Allah ya kai mu.